Anko Ko Rumbu?

'Yan'uwana mata, da kaka ta yi a ƙauyukan Dambatta, Bichi da Minjibir, sai hankali ya koma kan zane. Kafin 1973 iyayenmu da fam da sule na gyaɗa suke sayen atamfa. Yau Naira ce, amma halin bai sake ba. Mace ta kwashi adashi, ta sayar da akuyarta, don ankon biki daga Kantin Kwari, ga lalle da kitso da turare. Damina ta yi tsaka, hatsi ya yi tsada, ba abin sayarwa.

Kwalliya ba laifi ba ce. Amma ki fara leƙa rumbu. Zane biyu wankakku sun fi goma na bashi.