Komawa cikin ƙaramin jirgin iska bayan ya kife

A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙananan jiragen ruwa na wasa waɗanda ba su da inji, iska ce ke tura su ta hanyar wani babban ƙyalle da aka ɗaura wa doguwar sanda. Ɗaya daga cikinsu shi ne Laser, wanda Bruce Kirby ɗan ƙasar Kanada ya zana. Tsawonsa mita 4 da ɗan kai, nauyin gangarsa kilo 59, mutum ɗaya ke tuƙa shi. Saboda rashin nauyi, iska mai ƙarfi takan kwantar da shi a gefe, matuƙi ya faɗa ruwa. Masu wannan wasa ba su ɗauki kifewa bakin komai ba, tun farkon koyo ake sa ɗalibi ya kifar da jirginsa da gangan.

Doka ta fari ita ce kada ka rabu da jirgin. Ba ya nutsewa, kuma masu ceto sun fi saurin hango shi bisa ga kan mutum. Sai ka saki igiyar ƙyallen, in ba haka ba da zarar jirgin ya miƙe iska za ta tafi da shi ta bar ka. Daga nan ka zagaya wajen allon da ya ratsa ƙasan jirgin, ka kama bakinsa, ka ɗora nauyinka a kai. Sannu a hankali sandar za ta fito daga ruwa. Amma ka lura: in sandar tana ɓangaren da iska ke fitowa, iska na iya shiga ƙarƙashin ƙyallen ta sake kifar da jirgin a kanka. Shi ya sa ake fara juya hancinsa ya fuskanci iska.

Tayar da jirgi ba shi ne wuyar ba, shiga ciki ita ce. Tufafi sun jiƙe sun yi nauyi, rigar ceto tana maƙalewa a bakin jirgin, babu kuma inda za a taka. Sabon shiga yakan so ya hau kamar mai hawan katanga, ƙafafu a ƙasa, yana ja da hannu. Hakan sai ya sa ƙafafun su shige ƙarƙashin jirgin, jirgin kuma ya karkato. Abin da ya fi shi ne ka miƙe ƙafafu baya har su taso saman ruwa, ka riƙe ɗamarar da matuƙi ke saƙala ƙafa a cikin jirgin, ka shura ruwa da ƙarfi, ka ja jiki a rub da ciki. Ana hawa ta gefen da iska ke fitowa, wasu kuma sun fi son ta baya, inda jirgin ba ya karkata sosai.

A ruwa mai tsananin sanyi hannu yakan fara mutuwa cikin kamar minti 10. Don haka gara a numfasa, a shirya sosai, a hau a yunƙurin farko, da a yi ta gwadawa har ƙarfi ya ƙare.