Allura da Zare a Hanyar Makka

Wanda ya tashi daga Kano a mota za shi Maiduguri yakan bi ta Azare, daga nan sai Potiskum da Damaturu. Azare ce mazaunin Sarkin Katagum a yau. Amma tun kafin a shimfiɗa kwalta, ƙasar Katagum tana kan hanyar da ta haɗa ƙasar Hausa da Barno. A watan Janairu na 1824 wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya sauka a garin Katagum a kan hanyarsa daga Barno zuwa Kano. Fatake ma ta nan suke bi, haka kuma maniyyata, wato masu niyyar zuwa aikin hajji.

A zamanin da, ta ƙasa ake zuwa Makka, da ƙafa ko a kan jaki ko raƙumi. Daga Barno sai a shiga ƙasar Chadi, a wuce Abeshe, a ratsa Darfur, a ƙetare kogin Nilu, har a kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. A can ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Wani yakan bar gida da ɗansa a goye, ya dawo da shi ya isa kiwo. Wani kuwa ba ya dawowa.

To, me waɗannan mutane suke ci a hanya? Guzuri, wato abinci da kuɗin da matafiyi yake ɗauka daga gida, ba ya kai mutum ko rabin tafiya. Idan ya ƙare, sai a yada zango a wani gari, a nemi aiki. Wanda ba shi da sana'a sai ƙodago, ko ɗebo ruwa, ko bara. Wanda yake da sana'ar hannu kuwa, da wuya ya kwana da yunwa.

Mu duba mai ɗinkin hula. Kayan aikinsa ba su wuce allura da zare da ƙyalle ba, duka aljihu ɗaya ya ishe su. Yakan zana ado a jikin ƙyallen, sannan ya bi zanen da allura, ɗinki bayan ɗinki, har ya cike shi. Hula mai kyau takan ci makonni. Amma aiki ne da ake yi a ko'ina: a gindin bishiya, a zauren mai masauki, ko a ƙofar masallaci. Ko da bai ji Larabci ba, ya isa ya ɗaga hular a kasuwa, mai saye ya ƙirga masa kuɗi da yatsu.

Baduku, wato mai aikin fata, shi ma yana da sa'a. Bagaruwar da majema suke jeme fata da ita a ƙasar Hausa tana tsirowa a Chadi da Sudan. Saboda haka yana samun fata duk inda ya sauka, ya ɗinka takalma da layu da gafaka, wato jakar Alƙur'ani. Haka goruba take. Mata sukan yanko kabarta su saƙa tabarmi, su sayar.

Wasu zangon nasu ya zama gida. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan. Garin da suka zauna kusa da Sinnar har yau ana kiransa Mai Wurno. Da aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira a 1925, Hausawa da yawa sun yi aiki a cikinsu. Jikokinsu suna nan suna jin Hausa, kuma mutanen Sudan sun san agashe, wato gasasshen nama mai yaji da ƙuli-ƙuli, wanda Hausawa suka yi suna da shi.

Daga shekarun 1950 jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano. Sannu a hankali tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, tsohuwar hanya ta mutu. Ɗinkin hula kuwa bai mutu ba. Idan ka shiga kasuwar Azare, ka ɗauki hula ka juya cikinta. Ta hannu za ka ga ƙulle-ƙullen zare, ɗinkin bai zama daidai-wa-daida ba, kuma ta fi ta inji tsada.