ALJABARA A ƘARAMAR SAKANDARE: INDA YARA KE RABUWA DA LISSAFI

Daga Wakilinmu

A kowace shekara, dubban yaran da suka gama firamare sukan shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare da ƙarfin gwiwarsu a kan lissafi. Sun iya tarawa da ɗebewa, sun haddace jadawalin sau, wasunsu ma su ne ke riƙe wa iyayensu ciniki a kasuwa, kuma ba a cutarsu ko da kwabo. Amma kafin shekara ta raba, sai ka ji yaron da ake yabo jiya yana cewa shi kansa ba ya ɗaukar lissafi. Idan aka bi diddigi, sau da yawa za a tarar matsalar ta soma ne tun ranar da malam ya juya ga allo ya rubuta harafi a inda yaro ya saba ganin lamba.

Wannan fanni shi ake kira aljabara. Tun da aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4 a 1982 aka ware shekara uku na ƙaramar sakandare, sa'an nan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ke nan babu yaron da zai kauce wa aljabara. Tun daga aji ɗaya ake buƙatar ya iya abubuwa uku: ya rubuta zance da haruffa da lambobi, ya taƙaita abin da ya rubuta, kuma ya fitar da amsa idan aka gaya masa adadin da harafi ke wakilta. Wanda ya rasa waɗannan uku zai sha wuya a babbar sakandare, domin kimiyya da lissafin kuɗi da zanen gini duk a kansu aka ɗora su, kuma ba a shiga jami'a karatun likita ko injiniya sai da kyakkyawan sakamako a lissafi.

ASALIN FANNIN

Kalmar aljabara daga Larabci aka aro ta, daga sunan wani littafi da Muhammadu bin Musa al-Khawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun. Daga cikin ma'anonin kalmar akwai ɗori, irin wanda ake yi wa ƙashin da ya karye, watau mayar da abin da ya ragu mazauninsa. Malamin ya shirya littafin ne domin buƙatun jama'a na yau da kullum, kamar rabon gado da wasiyya da ciniki da awon ƙasa, kuma wani babban sashe nasa a kan lissafin wasiyya yake.

Abin lura shi ne, a cikin littafin nan duka babu x, babu y. Da kalmomi zalla aka rubuta shi. Adadin da ba a sani ba ana kiransa "abu", idan aka ninka shi sau kansa kuma a kira shi "dukiya". An juya littafin zuwa Latin a 1145. Sai a 1591 wani Bafaranshe mai suna Faransuwa Biyet ya tsara amfani da haruffa a madadin adadi, a 1637 kuma Rene Dekart ya kawo al'adar da ake bi yanzu, ta sanya x da y da z ga abin da ba a sani ba. Watau kimanin shekara 800 ne tsakanin littafin al-Khawarizmi da haruffan da muke gani a allo yau. Abin da masana suka ɗauki wannan tsawon zamani kafin su daidaita, shi ake so yaro ɗan shekara 12 ya haɗiye cikin 'yan makonni. Hankali ya nuna cewa yadda fannin ya faro da zance kafin alama, haka ya kamata yaro ya faro.

HARAFI ADADI NE

Akwai wata dabara da ta bazu a azuzuwa, wadda take kama da taimako alhali cuta ce. Malam zai rubuta 3m + 2l, ya ce wa yara: m mangwaro ne, l lemo ne, ai ba a haɗa mangwaro da lemo. Yaro mai wayo kuwa ya san ana haɗawa, domin in ya zuba su a kwando ɗaya ya sami 'ya'yan itace biyar, don haka sai ya rubuta 5ml. Gobe kuma idan malam ya ce m daidai yake da 4, sai yaron ya rasa yadda aka yi mangwaro ya zama huɗu.

Gaskiyar maganar ita ce, harafi a aljabara kullum adadi yake wakilta. Yana iya zama kuɗin mangwaro ɗaya, ko yawan mangwaron da ke cikin kwando, ko nauyinsa, amma bai taɓa zama mangwaron kansa ba.

Wannan ruɗu ba a kan yaranmu kaɗai ya tsaya ba. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai bincike a Ingila, Dietmar Kuchemann, ya tambayi 'yan makaranta wanne ya fi girma, 2n ko n + 2. Cikin 'yan shekara 14, shida ne kacal cikin ɗari suka gane cewa amsar ta dogara ga adadin n: idan n ya wuce 2 to 2n ya fi, idan 2 ne sun yi daidai, idan bai kai 2 ba kuma n + 2 ne babba. Haka nan a Amurka, a wani bincike da John Clement ya buga a 1982, an ce wa ɗalibai 150 masu karatun injiniya a shekarar farko ta jami'a su rubuta da haruffa cewa yawan ɗalibai ya ninka na malamai sau shida, S ya zama adadin ɗalibai, P na malamai. Kashi 37 cikin ɗari suka kasa, kuma kuskuren da ya fi yawa shi ne 6S = P a maimakon S = 6P. Sun ɗauki S a matsayin ɗalibi mai rai, sun karanta "ɗalibai shida ga malami ɗaya". In har ɗan jami'a zai faɗa wannan rami, to lalle icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

MATAKIN FARKO: RUBUTAWA

Jimlar aljabara jerin lambobi ne da haruffa da alamomin lissafi, waɗanda suka taru suka ba da adadi guda. Hanya mafi sauƙi ta shigar da yaro cikinta ita ce ta bakin kasuwa.

Alal misali, an aiki yaro ya sayo mudu 3 na gero da mudu 2 na shinkafa, kuɗin mota kuma Naira 200. Nawa zai kashe? Yaro zai ce ai sai ya san yadda ake sayar da mudu. To a nan ne malam zai ce: tun da farashi yana hawa yana sauka, bari mu ba shi laƙabi. Kuɗin mudun gero ɗaya mu kira shi g, na shinkafa mu kira shi s. Sai abin da za a kashe ya zama 3g + 2s + 200. Yaro ya ga dalilin harafin da idonsa: wuri ne aka keɓe wa adadin da bai iso ba tukuna, ko wanda yake canzawa daga wannan cin kasuwa zuwa wancan.

A wannan mataki harshe yakan kawo cikas. Da Turanci ake koyarwa, kuma idan Bature zai faɗi adadin da ya gaza n da biyar, biyar ɗin yake fara ambata, don haka yara da yawa sukan bi kalmomin a jere su rubuta 5 − n. Bahaushe kuwa yana da maganin wannan a cikin ƙidayarsa. Yakan ce "ashirin ba biyu" yana nufin 18, watau 20 − 2, babban adadi a gaba, abin ɗebewa a baya. Malamin da ya tsaya ya ce wa yara "n ba biyar" ya riga ya rubuta masu n − 5 a zuci. Minti ɗaya da aka kashe wajen fayyace zance da harshen gida ya fi darasi guda na maimaita abin da ba a fahimta ba.

MATAKI NA BIYU: TAƘAITAWA

A ce maƙwabciya ta ƙara wa yaron saƙo: mudu 4 na gero da mudu 1 na shinkafa. Yanzu kuɗin ya zama 3g + 2s + 200 + 4g + s. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya san ba zai biya mai gero sau biyu ba, zai haɗa ne ya ce mudu bakwai. Kuɗin mudu sau uku da kuɗin mudu sau huɗu, kuɗin mudu ne sau bakwai. Sai jimlar ta koma 7g + 3s + 200. Dalilin da ya hana a haɗa 7g da 3s kuwa shi ne farashinsu ba lalle ya zama ɗaya ba.

Babban kuskuren da ake gani a takardun yara shi ne mayar da 2x + 3 zuwa 5x. Shekara shida yaro ya yi a firamare ana koya masa cewa amsa lamba ɗaya ce tak, kuma duk inda alamar tarawa ta rage to aiki bai ƙare ba. Saboda haka hankalinsa ba ya kwanciya da 2x + 3, sai ya dunƙule su. Dole malam ya faɗa masa a fili cewa a aljabara amsa tana iya tsayawa da alamarta a ciki.

Na biyu shi ne baka biyu masu alamar ɗebewa a gabansu. Mu koma ga saƙon farko. In an ba yaron Naira 10,000, canjin da zai dawo da shi shi ne 10,000 − (3g + 2s + 200). Idan za a cire baka, kowane kuɗi da ke ciki ɗebe shi za a yi, domin duka kashe su aka yi: 10,000 − 3g − 2s − 200, watau 9,800 − 3g − 2s. Yara da yawa sukan ɗebe na farko kawai, su bar sauran da alamar tarawa.

MATAKI NA UKU: FITAR DA AMSA

Yanzu yaro ya isa kasuwa, a ce ya tarar da mudun gero Naira 1,200, na shinkafa Naira 2,500. Sai ya sa kowane adadi a mazaunin harafinsa: 3,600 da 5,000 da 200, gaba ɗaya Naira 8,800, canji Naira 1,200. Wanda kuwa ya yi kuskuren baka, lissafinsa zai nuna canjin Naira 11,600, fiye da abin da aka ba shi daga gida. Ba sai an daki yaro ba kafin ya gane akwai gyara, shi da kansa zai yi dariya.

Amfanin wannan mataki ke nan wanda aka fi mantawa da shi: shi ne ma'aunin da yaro zai gwada aikinsa ba tare da jiran jan biron malam ba. Mai shakkar ko 2x + 3 daidai yake da 5x, ya sa 10 a wurin x, zai sami 23 a nan, 50 a can. Sai dai a gargaɗe shi kada ya dogara ga gwaji da 1, domin a nan dukansu 5 za su bayar. Haka x² da 2x, in aka gwada da 2 duka 4 ne, amma da 5 ɗaya 25 ne, ɗaya 10.

Wani yaron kuma idan aka ce x daidai yake da 4, sai ya rubuta 3x a matsayin 34, domin haka ya saba jera alƙaluma. A tuna masa da jaka, wadda manya ke kiran Naira 200 da ita. Jaka biyar ai dubu ɗaya ce, 200 sau biyar. Haka 3x yake, 4 sau uku, watau 12.

Ga ɗaliban aji uku, babu misalin da ya kai rabon gado haɗa matakan nan wuri ɗaya. A ce mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza biyu da mata uku, ba shi da iyaye a raye, kuma dukiyar da ta rage bayan biyan bashi da wasiyya ita ce d. Matar tana da tumuni, d/8. Ragowar 7d/8 za a kasa ta bakwai, tun da namiji yana da rabon mata biyu. Kowace 'ya ta sami d/8, kowane ɗa d/4. In an tara duka a koma d, ba ragi ba ƙari. Ko dukiyar Naira 800,000 ce ko miliyan takwas, jimlar ba ta canzawa. Irin aikin da al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa dominsa ke nan, kuma malamanmu na zaure sun daɗe suna yin sa a kan allo da tawada.

ABIN DA YA RAGE A YI

Gyaran nan ba ya buƙatar sabon gini ko kayan aiki daga ƙasashen waje. Yana buƙatar ma'aikatun ilmi na jihohi su daina barin aji ɗaya a hannun duk wanda aka samu, su kai ƙwararrun malaman lissafi can, domin a nan ake aza harsashi. Masu duba makarantu kada su tsaya ga ƙirga yawan darussan da aka rubuta a littafin malam. Su shiga aji su tambayi yaro ɗaya abin da x ke nufi a aikin da ke gabansa. Kwalejojin horar da malamai kuma su sanar da ɗalibansu waɗannan kurakurai tun kafin su kama alli, tun da an san su, an kuma san dalilansu.

Iyaye ma'aikata su ma suna da nasu rabon. Uban da ya zauna da ɗansa a ƙarshen wata suka rubuta kuɗin cefane da na makaranta da haruffa, sa'an nan suka sa farashin ranar suka fitar da amsa, ya koyar da aljabara ko da bai san ya yi ba. Ɗalibai kuwa su riƙe tambaya ɗaya a duk lokacin da suka haɗu da harafi a takardar jarrabawa: wannan adadin mene ne? Wanda ya amsa ta kafin ya ɗora biro, ya ci rabin tambayar. Sannu ba ta hana zuwa.