Ƙuruciya Da Ƙarancin Gogewa A Bayan Sitiyari

Duk wanda ya tsaya a shataletalen Wunti cikin birnin Bauchi da yamma lis, zai lura cewa da yawa daga cikin masu riƙe da sitiyari samari ne waɗanda gemu bai gama fito musu ba. Waɗansu motar gida suka ɗauko, waɗansu kuwa yaran mota ne da suka koyi sarrafa giya a tashar Muda Lawal, maigida ya yarda ya sakar musu makulli. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 birnin yake ta faɗaɗa, motoci suna ƙaruwa, sababbin direbobi kuma suna ƙaruwa tare da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne suke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma babu abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Amurka, inda ake ajiye lissafi dalla-dalla, an gano cewa a tafiya mai tsawo ɗaya, direba ɗan shekara 16 zuwa 19 ya ninka wanda ya kai 20 kusan sau uku wajen shiga haɗarin da ake rasa rai.

Masana sun raba dalilin gida biyu. Na farko shi ne shekaru: sashen ƙwaƙwalwa mai auna sakamakon aiki da danne zuciya ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Shi ya sa saurayi yakan ƙara taka totur idan abokansa suna cikin motar suna zuga shi, kamar yadda ake gani a wasan mota ranar rakiyar amarya. Na biyu shi ne ƙarancin gogewa, wanda bai bar babba ba: ko ɗan shekara 40 ne ya fara tuƙi, watanninsa na farko su ne mafi hatsari. Tsohon direba yakan hango garken shanu a gefen hanyar Ningi ya rage gudu tun daga nesa, sabo kuwa idonsa yana kan kwaltar da ke gabansa kawai, sai saniya ta shigo sannan ya nemi birki.

A nan lissafi ba ya tausayin kowa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake bukata yakan ninka sau huɗu. A hanyoyin Jos da Gombe da Darazo, inda ake gaba da gaba da manyan motoci, aron hannu ba bisa lissafi ba ya isa ya jefa gidaje da dama cikin makoki, balle a lokacin hazon hunturu ko cikin dare.

Dokar Nijeriya ba ta yarda a ba wanda bai cika shekara 18 lasin tuƙi ba, ta kuma wajabta shiga makarantar tuƙi da cin jarrabawar jami'an duba motoci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ke sa ido a kan manyan hanyoyi, inda iyakar gudun ƙaramar mota yake kilomita 80, cikin gari kuwa 50. Ƙasar Niyuzilan ta ɓullo da lasin mataki-mataki a 1987, wanda ya taƙaita wa sabon direba tuƙin dare da ɗaukar fasinja har sai ya goge.

Amma kafin jami'i ya tare mota a hanya, daga wani gida ta fito. Uban da ya miƙa wa ɗansa makulli, da mai motar hayan da ya ɗora yaronsa a kujerar direba don gudun biyan gogagge, su ne suke da ikon gindaya sharaɗi: kada a yi tafiyar dare, kada a cika mota da abokai, babba kuma ya zauna a gefe har hannu ya faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma watanni kaɗan na haƙuri sun fi zaman jinya ko karɓar gaisuwa sauƙi.