Haƙarƙarin Adamu da Haƙurin Mata

Da wuya a ɗaura aure a wata coci a Nyanya ko Kubwa mai wa'azi bai taɓo labarin haƙarƙari ba. Wai tun da daga jikin Adamu aka ciro Hauwa'u, kuma ita maciji ya fara yaudara, to matsayin mace a bayan namiji yake har abada. Ango na murmushi, 'yan Zumuntar Mata na cewa amin.

To amma Littafin Farawa bai fara daga nan ba. A sura ta 1, namiji da mace tare aka halicce su cikin kamannin Allah, tare aka sa musu albarka, tare aka damƙa musu duniya. Maganar miji ya mallaki mata sai a sura ta 3 ta fito, bayan an yi zunubi, jere da naƙuda mai zafi da ƙaya a gona da cin abinci da gumin goshi. Wato sakamakon faɗuwa ne. Abin mamaki, ba wanda ya ce manomi ya yi saɓo don ya hau tarakta ya rage gumi, amma mulkin miji an riƙe shi kamar doka ta goma sha ɗaya. Kuma fa lokacin da Hauwa'u ta ci 'ya'yan itacen da aka hana, Adamu yana wurin, shi ma ya karɓa ya ci.

Wannan fahimta ba ta tsaya a bagade ba. A watan Maris na 2016, Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita damar maza da mata na Sanata Biodun Olujimi, wasu sanatoci suka fake da addini.

Mafi ɗaci shi ne abin da ke faruwa a ɗaka. Osinachi Nwachukwu, mawaƙiyar bishara, ta rasu a Abuja a watan Afrilun 2022. 'Yan'uwanta sun ba da shaidar azabar da ta daɗe tana sha a gidan aure, kuma a Afrilun 2025 Babbar Kotun Abuja ta yanke wa mijinta hukuncin kisa. Mata nawa ne suka kai kuka aka sallame su da "ki yi haƙuri, ki yi biyayya"?

Fastocinmu, in za ku karanta wa ango da amarya labarin halitta, don Allah ku fara daga sura ta 1. Matar da ta zo muku da kumburarriyar fuska kuma, a nema mata mafaka kafin a yi maganar sulhu.