Intel: Kamfanin da Ya Mallaki Kwamfuta, Waya Ta Kuɓuce Masa

A shekarar 1969 wani kamfanin Japan mai suna Busicom, wanda sana'arsa ƙera na'urar lissafi ta kan tebur, ya kai aiki ga wani ƙaramin kamfani a Kaliforniya mai suna Intel, da bai wuce shekara guda da kafuwa ba. Busicom na son a ƙera masa guntayen silikon da dama, kowanne da aikinsa. Wani injiniyan Intel, Ted Hoff, ya kawo shawarar a yi guntu ɗaya da zai iya kowane irin lissafi, muddin an rubuta masa umarni. Federico Faggin, ɗan Italiya, shi ya zana shi tare da Masatoshi Shima na Busicom, kuma a watan Nuwamba 1971 aka fito da furosesa mai lamba 4004, da taransista kusan 2,300 a cikinta. Da kuɗi suka yi wa Busicom wuya, sai Intel ta mayar masa da dala 60,000, ta karɓe ikon sayar da ita ga duk wanda take so. Busicom ya durƙushe a 1974.

Robert Noyce da Gordon Moore, waɗanda suka bar kamfanin Fairchild suka kafa Intel a 1968, ba su ɗauki furosesa a matsayin babbar sana'arsu ba. Abincinsu yana cikin memori, wato guntayen da kwamfuta ke ajiye bayanai a ciki yayin da take aiki. Furosesa ta fara zama abin dogaro ne a 1981, lokacin da IBM ta zaɓi 8088 ta saka a kwamfutarta ta kan tebur. IBM ba ta yarda ta dogara da mai kawo kaya ɗaya ba, don haka a 1982 Intel ta bai wa kamfanin AMD izinin ƙera irin nata. Da hannunta ta raini kishiyar da za ta dame ta shekara arba'in.

A ganina, 1985 ce shekarar da ta fi kowace muhimmanci a tarihin kamfanin. Kamfanonin Japan sun cika kasuwa da memori mai inganci kuma mai araha, Intel na ta asara, amma manyanta sun kasa rabuwa da abin da aka kafa kamfanin a kansa. Andy Grove, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, wanda ya gudo daga Hungari yana saurayi bayan boren 1956, ya ba da labarin yadda ya tambayi Moore abin da sabon shugaba zai yi idan aka kore su. Moore ya amsa cewa zai fitar da kamfanin daga harkar memori. Sai suka yanke shawarar yin hakan da kansu. An rufe masana'antu, dubban ma'aikata sun rasa aiki, kuma a 1986 kamfanin ya yi asarar dala miliyan 173. Ba ƙaramar jarumta ba ce mutum ya saki abin da ya yi suna da shi alhali yana ganin wahalar da sakin zai jawo. A wannan tsakanin ne suka fito da furosesar 386, suka kuma hana AMD zanenta, abin da ya kai su kotu na tsawon shekaru.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Tallan Intel Inside da aka fara a 1991 ya sa mai saye ya riƙa tambayar sunan abin da bai taɓa gani da idonsa ba, kuma har yau mai neman laftof a Kano ko Kaduna abin da zai fara tambaya shi ne Core i5 ce ko i7. Pentium ta fito a 1993. Shekara ɗaya bayan haka wani malamin lissafi a Bajiniya, Thomas Nicely, ya gano tana kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Da farko kamfanin ya ce sai wanda ya nuna aikinsa na buƙatar irin wannan lissafi za a canza wa, jama'a suka yi ca, dole ya janye. Abin ya ci masa dala miliyan 475.

Nasarar ce ta fara ɗaure masa ƙafa. Itanium, wadda aka kashe wa dukiya aka fito da ita a 2001, ba ta karɓu ba, saboda tsofaffin manhajoji na tafiyar hawainiya a kanta. AMD ce a 2003 ta faɗaɗa tsohon tsarin Intel ɗin zuwa bit 64, har Intel ta koma tana bin sawunta. Amma wannan rauni ne da ya warke. Wanda bai warke ba shi ne na waya. Lokacin da Apple ke shirin fito da iPhone, ta nemi Intel ta ƙera mata furosesa a kan wani farashi. Shugaban kamfanin na lokacin, Paul Otellini, ya ƙi, domin lissafinsu ya nuna ba riba. Shi da kansa ya amsa a 2013 cewa lissafin kuskure ne, kuma yawan wayoyin da aka sayar ya zarce duk abin da suka zata. A 2006 ma Intel ta sayar wa Marvell sashenta mai ƙera furosesar ƙananan na'urori bisa tsarin ARM, tsarin Birtaniya wanda ba ya shan batir sosai.

Sakamakon yana hannun kowannenmu. Mafi yawan Hausawa ta waya suka shiga intanet, ba su bi ta kwamfuta ba, kuma Tecno da Infinix da itel da ke aljihunmu suna aiki ne da guntayen MediaTek na Taiwan ko Unisoc na Sin, duka bisa tsarin ARM. Kuɗin wannan kasuwa mai biliyoyin masu saye ya kwarara zuwa TSMC, kamfanin Taiwan da ke ƙera wa wasu abin da suka zana, shi kuma ya zuba shi a sababbin masana'antu har ya wuce Intel a fasahar ƙanƙanta taransista, fagen da Intel ta daɗe tana taƙama ba a ja da ita. AMD, ƙarƙashin Lisa Su, ta dawo da ƙarfi da Ryzen a 2017. Apple ta fara cire Intel daga kwamfutocinta a 2020 da guntunta M1.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kamfanin na da injiniyoyi da kuɗi da masana'antu a 2006, fiye da abin da Grove ke da shi a 1985. Ribar furosesar kwamfuta ce ta yi yawa, har duk wani abu mai ƙaramar riba ya zama abin raini.

A Nuwamba 2024 aka cire Intel daga jerin kamfanoni 30 na ma'aunin Dow Jones, aka saka Nvidia, wadda guntayenta ke ɗauke da aikin ƙirƙirarriyar basira. Pat Gelsinger, wanda aka dawo da shi a 2021 don ya farfaɗo da masana'antun, ya sauka a Disamba 2024, Lip-Bu Tan ya karɓa a Maris 2025. A watan Agusta 2025 gwamnatin Amurka ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarin kamfanin, don ba ta son mafi ingancin guntayen da sojojinta da masana'antunta ke buƙata su dogara ga Taiwan, tsibirin da Sin ke iƙirarin nata ne.