Idan Bututun Bohol Ya Fara Buga “Gum”

A Gaya da Ajingi gidaje da dama sun koma dogaro da rijiyar burtsatse: sumo a ƙasa, tanki a sama, bututun roba a tsakani. Wani magidancin yakan ji “gum!” a jikin bango duk lokacin da aka kashe inji, ya ce ai haka famfo yake. Ba haka yake ba. Wannan bugun ruwa ne, kuma yana cin haɗin bututu a hankali.

Ruwa kusan ba ya matsuwa. Idan yana gudu aka tare shi farat ɗaya, ƙarfinsa yakan daki bututun, kamar motar kaya da aka taka wa birki kayan suka bugi kan direba. Wani masani ɗan Rasha, Zhukovsky, ya auna haka a bututun birnin Mosko, ya bayyana sakamakon a 1898: ruwan da ke tafiyar mita 1 a daƙiƙa, in aka tsayar da shi nan take cikin bututun ƙarfe, matsinsa kan ƙaru kamar na ruwa mai tsayin mita 100. A roba bai kai haka ba, amma ya isa ya ɓalle gam.

Kafin ka kira mai gyara, ka lura da lokacin da ƙarar ke zuwa, domin a nan amsar take. In da rufe famfo ne, laifin makulli ne mai hannu, irin wanda ake murɗawa sau ɗaya. A saba rufe shi sannu, a kuma ɗaure bututun da bango. In kuwa sai wuta ta ɗauke, ko mai ya ƙare wa janareta, to ruwan da ke hawa tanki ne ya juyo ya daki bawul mai hana shi komawa. Bawul ɗin ya gaji, ko yana jinkirin rufewa. Mai sifirin a ciki ya fi.

Mafi muni shi ne bugun da ake ji da kunna inji. Galibi bawul na ƙasa ne ke yoyo, ruwa ya zurare cikin dare ya bar sarari, da safe sumo ya turo sabo da gudu ya ci karo da na sama. Wannan kan tsinke haɗin da ke cikin rijiya, kuma wanda bai ɗaure sumonsa da igiya ba, sai dai ya ji labari.

Kada a haɗa wannan da famfo mai tari da tofar da iska a watan Afrilu. Ruwan rijiya ne ya ja baya. A kashe injin kafin ya ƙone.

A duba gwiwoyin bututu da gindin katanga. Danshi a wurin alama ce ta tsaga, kuma in bututun ya bi kusa da masai, ta wannan tsagar ƙazanta kan shiga ruwan sha idan inji ya tsaya.